Ma'aikatan ɗakin inji a jiragen dakon kaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya karanta labarin yaƙin teku na 1939 zuwa 1945 zai ci karo da sunayen manyan hafsoshi da na jiragen yaƙi, amma da wuya ya ji an ambaci mutanen da ke can cikin cikin jirgi, ƙasa da inda ruwan teku ya tsaya a jikinsa, suna iza wuta suna sauraron bugun inji. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga jiragen Birtaniya, domin su ne suka fi ɗaukar nauyin zirga-zirga a Tekun Atlantika a shekarun farko na yaƙin.

Me ya haɗa jiragen 'yan kasuwa da yaƙi, alhali ba na soja ba ne?

Birtaniya tsibiri ce, kuma ta shiga yaƙi tana dogaro da teku wajen samun kusan dukkan man fetur ɗinta da babban kaso na abincinta. Jamus ta san haka, saboda haka ta sa jiragenta masu nutso a ƙarƙashin ruwa su datse wannan hanya. Tun ranar 3 ga Satumba 1939, wato ranar da Birtaniya ta shelanta yaƙi, aka nutsar da jirgin fasinja Athenia a yammacin Ayalan, mutum fiye da 100 suka halaka. Daga wannan rana har ƙarshen yaƙin, ma'aikatan jiragen kasuwa suna bakin daga, ko da yake a idon doka farar hula ne da suka sa hannu a takardar aiki da kamfani, ba su da kakin soja sai wata 'yar alama ta azurfa da ake maƙalawa a riga.

Su wane ne ke aiki a ɗakin inji?

A sama akwai babban injiniya, wanda ba ya karɓar umarni daga kowa sai kyaftin. Ƙarƙashinsa akwai injiniya na biyu da na uku da na huɗu, kuma bisa al'adar jiragen Birtaniya kowanne yana da nasa lokacin gadi: na biyu daga ƙarfe 4 zuwa 8, na huɗu daga 8 zuwa 12, na uku kuwa daga 12 zuwa 4, safe da dare. Awa huɗu ana aiki, awa takwas ana hutu, in dai babu abin da ya lalace, wanda kuwa a tsohon jirgi ba kasafai ake samun irin wannan rana ba.

Bayan injiniyoyi sai leburorin ƙasa. Akwai masu zuba wa inji mai, akwai masu iza wuta a tukunyar tururi, akwai kuma masu turo kwal a baro daga rumbunsa zuwa bakin murhu, waɗanda su ne na ƙarshe a daraja da albashi. Shugabansu shi ne wani gogaggen ma'aikaci mai kula da ƙaramar tukunyar da ake amfani da ita idan jirgi yana tasha.

Yaya aikin iza wuta yake a zahiri?

Yawancin jiragen kaya na wancan zamani tururi ke tafiyar da su. Ana tafasa ruwa a cikin manyan tukwanen ƙarfe, kowace tana da murhu biyu ko uku, tururin ya bi bututu zuwa inji mai fistin uku, ya tura ƙarami, ya wuce ya tura matsakaici, sannan babba, daga nan a sanyaya shi da ruwan teku ya koma ruwa a mayar da shi tukunya. Matsakaicin jirgi yana iya cinye abin da ya kai tan 30 na kwal a yini guda, kuma duk wannan kwal da shebur ake ɗaga shi.

Mai iza wuta yakan buɗe ƙofar murhu, ya karkatar da fuskarsa daga hucin da ke fitowa, ya watsa kwal yadda zai bazu daidai har can ƙurya, domin idan ya tara shi wuri ɗaya wutar za ta shaƙe ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi ba tare da zafi ba. Bayan ɗan lokaci sai ya ɗauki wani dogon ƙarfe mai nauyi ya cusa ƙarƙashin garwashin ya ɗaga shi don iska ta shiga, sannan ya baje da wani ƙarfen mai kama da manjagara. Idonsa kullum yana kan allurar ma'aunin tururi, wadda ba a yarda ta sauka ba. Duk wannan yana yinsa ne a kan faranti na ƙarfe da ke karkata dama da hagu tare da igiyar ruwa, ƙofar murhu kuma a buɗe a gabansa.

Mafi wuya shi ne farkon kowane gadi, lokacin da ake share murhu. Ana jawo dunƙulen tokar da ta narke ta daskare, tana ja wur, a zubo ta a ƙasa dab da ƙafafun mutum, mai baro kuma ya kwara mata ruwan teku, wurin ya turnuƙe da tururi da ƙura mai warin farar wuta har ba a ganin juna. Daga nan a loda tokar a bokiti a ja ta sama a zubar. Zafin wurin a Bahar Maliya ko gaɓar Afirka ta Yamma yakan haura digiri 45, shi ya sa za ka ga mutum daga shi sai singileti da wando da wani tsumma a wuya na share gumi, wanda wasu kan cije bakinsa don kada maƙogwaro ya bushe. Abin shansu ruwa ne da aka jiƙa garin hatsi a ciki, kusan irin farau-farau, saboda sun lura zallar ruwan sanyi yana murɗa musu ciki.

Shi kuwa mai zuba mai, hannunsa ne ma'auninsa. Yakan miƙa tafin hannu ya taɓa ƙarfen da ke juyawa a daidai lokacin da ya zagayo wajensa, ya ji ko ya ɗau zafi fiye da kima. Wanda ya kuskure lokacin da ƙiftawar ido yana iya rasa yatsu.

Me ya sa ba a koma ga injin mai ba, tun da ya fi sauƙi?

An koma a wasu jiragen. Akwai masu injin dizal tun kafin yaƙi, musamman jiragen dakon mai da na fasinja, kuma jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 da Amurka ta ƙera da baƙin mai suke dafa tururinsu. Amma Birtaniya tana da kwal a ƙasarta, man kuwa sai an yi dakonsa daga ƙetare a cikin jiragen da ake nutsarwa, don haka hatta sababbin jirage 60 da ta sa aka ƙera mata a Amurka a farkon yaƙin, masu kwal ta ce a yi. An kuma riƙe tsohon injin fistin uku da gangan, domin masana'antu da yawa suna iya ƙera shi, kuma kowane injiniya ya san kansa. Gudun jirgin Liberty wajen kilomita 20 ne kawai a awa, amma ba gudu ake nema ba a lokacin, yawa ake nema.

Tafiya cikin ayari ta canja wani abu a aikinsu?

Ta canja shi sosai. Ayarin jirage yakan ƙunshi 30 ko 40 ko fiye, a jere sahu-sahu, tsakanin jirgi da na gabansa 'yan ɗaruruwan mita ne kawai, da dare kuma babu mai kunna fitila. Domin kowa ya tsaya a gurbinsa, jami'in da ke tuƙi a sama yakan yi ta kiran injiniya ta bututun magana yana cewa a ƙara juyi biyu, a rage juyi uku, dare farai, abin da injin da ya saba tafiya da gudu ɗaya na makonni bai san da shi ba.

Sai batun hayaƙi. A rana mai haske ana hango baƙin hayaƙi daga nesa ƙwarai, kuma jirgi ɗaya mai hayaƙi yana iya tona asirin ayari duka, saboda haka madugun ayarin ba ya gajiya da aika gargaɗi ga wanda ya gani yana yi. Laifin yakan faɗa kan masu iza wuta, ko da yake sau da yawa kwal ɗin da aka loda musu ne maras kyau, kuma wannan ba abin da suke da ta cewa a kai ba ne.

Abin da kowa ya fi tsoro shi ne a bar jirgi a baya. Ayari ba ya jiran gurgu, kuma wanda injinsa ya tsaya shi ne naman da jiragen Jamus suka fi samu a sauƙaƙe. Injiniyoyi kan yi gyara a tsakiyar teku suna naɗe guduma da tsumma don rage ƙara, domin sauti yana tafiya da nisa a cikin ruwa. Ayarin da ake kira masu jinkiri, waɗanda ke tasowa daga Kanada da gudun da bai wuce kilomita 14 a awa ba, cike suke da tsofaffin jirage irin waɗannan. Ɗaya daga cikinsu, SC 7, ya rasa jirage 20 cikin 35 a watan Oktoba 1940.

Me ya sa ake cewa ɗakin inji ne wuri mafi haɗari a jirgi?

Dalili na farko shi ne inda yake. Makamin da jirgin ƙarƙashin ruwa ke harbawa, wato topido, yana tafiya ne 'yan mitoci ƙasa da saman ruwa, kuma maharbi yakan auna tsakiyar jirgi don kada ya kuskure. A yawancin jiragen kaya, tsakiyar nan ita ce ɗakin inji da tukwanen tururi. Tsakanin mai iza wuta da teku babu komai sai farantin ƙarfe da kaurinsa bai kai faɗin yatsu biyu ba.

Idan makamin ya samu wurin, abubuwa da yawa ne ke faruwa a lokaci guda. Janareta ya tsaya, duhu ya rufe. Bututan tururi su fashe, tururin da ke cikinsu kuwa yana saluɓe fatar mutum nan take. Farantan da ake takawa su tashi sama, tsanin ƙarfe ya karye ko ya lanƙwashe, ruwa kuma ya shigo da ƙarfin da babu mai iya tsayawa a gabansa. Ɗakin inji yana daga cikin manyan ɗakuna a jirgi, don haka cikarsa da ruwa yakan isa ya tafi da jirgin. Wanda ya ɗauko tamar ƙarfe yana iya nutsewa cikin minti ɗaya ko biyu, alhali mutumin ƙasa yana da tsani hawa uku ko huɗu a gabansa kafin ya ga sararin sama. Daga baya an riƙa rataya tsanin igiya da ajiye tocila a wurare sanannu, kuma hakan ya ceci wasu.

Wanda ya fito ma bai tsira ba tukuna, domin ya fito ne jiƙe da gumi cikin singileti, ya shiga kwalekwalen ceto a tekun da sanyinsa ke kashe mutum cikin mintoci. A hanyar arewacin Rasha, inda ayarin PQ 17 ya rasa jirage 24 cikin 35 a watan Yuli 1942, wannan bambanci tsakanin mai rigar sanyi da maras ita shi ne sau da yawa bambancin rai da mutuwa.

Akwai kuma wahalar da ba ta barin tabo a jiki. Mutumin sama yana ganin abin da ke faruwa, na ƙasa kuwa da kunne yake yaƙinsa. Bama-baman da jiragen rakiya ke jefawa cikin ruwa suna isowa gare shi kamar an doki jikin jirgin da ƙatuwar guduma, ƙura ta zubo daga sama, fitilu su yi rawa, kuma ba shi da hanyar sanin ko na nesa aka samu ko maƙwabci. A ganina wannan ne ya fi cancanta a yi mamakinsa, cewa bayan awa takwas mutum yakan sake kama tsanin nan ya sauka da ƙafarsa.

Idan an harbi jirgi, me ya sa injiniya ba ya gudu nan take?

Saboda ran sauran mutane yana hannunsa. Ba a iya sauke kwalekwalen ceto lafiya daga jirgin da ke tafiya, domin ruwa zai ja shi ya kife, ko ya kai shi bakin farfela. Haka kuma famfon da ke fitar da ruwan sanyaya inji yana feso shi ta gefen jirgi, wani lokaci daidai inda kwalekwale zai sauka, ya cika shi kafin a ankara. Don haka wajibi ne injiniyan da ke gadi ya rufe tururi, ya tsayar da inji da famfo, a jirgi mai ƙona mai kuma ya datse man, sannan ya nemi hanyar fita. Da yawa sun yi hakan ba su fito ba. An kuma sanya wa jirage da dama hanyar rufe tururi daga sama saboda wannan dalili.

Jamusawa ma sun san darajar waɗannan mutane. Daga 1942 an umarci kwamandojinsu su riƙa ɗauke kyaftin da babban injiniya daga kwalekwalen ceto a matsayin fursunoni, bisa lissafin cewa ƙera sabon jirgi ya fi samar da gogaggen injiniya sauri. An tsare irin waɗannan a sansanin Milag Nord da ke kusa da Bremen.

Akwai jirgin da ma'aikatan inji suka ceto bayan an fid da rai da shi?

Mafi shahara shi ne San Demetrio, jirgin dakon mai da ya ɗauko fetur sama da tan 11,000 cikin ayarin HX 84. Ranar 5 ga Nuwamba 1940 jirgin yaƙin Jamus Admiral Scheer ya far wa ayarin, ya yi wa San Demetrio ruwan harsasai har ya kama da wuta, ma'aikatansa suka bar shi. Mutum 16 da ke cikin kwalekwale ɗaya sun kwana suna fama da sanyi da igiyar ruwa, washegari suka hango wani jirgi yana ci da wuta, da suka matsa sai suka ga nasu ne. Bayan sun ƙara kwana ɗaya a ruwa suka yanke shawarar komawa cikinsa.

Babban injiniya Charles Pollard da 'yan mutanensa suka sauka ɗakin inji suka tarar da ruwa ya kwanta a ciki. Suka fara tayar da janareta da famfo don a samu ruwan kashe gobara, sannan suka tayar da babban injin, duk wannan kuwa fetur yana ɓulɓulowa ta ramukan harsashi duk lokacin da jirgin ya karkata. Ɗakin tuƙi ya ƙone, babu taswira, babu rediyo, jami'i Arthur Hawkins da rana da taurari ya yi ta laluben hanya. Kunna wutar girki ganganci ne a irin wannan hali, don haka da tururin inji aka dafa ɗan dankali da albasar da suka rage. Wani mai zuba mai, John Boyle, ya ci gaba da aikinsa da rauni a jiki har ya kwanta ya rasu kafin a iso. Jirgin ya shiga kogin Clyde na Scotland ranar 16 ga Nuwamba da kusan dukkan kayansa, kotu kuma ta ba mutanen ladan ceto na fam 14,700.

Akwai kuma Ohio, jirgin dakon mai da ya kai kayansa tsibirin Malta a watan Agusta 1942. Kafin tafiyar an ɗora injinsa a kan roba, an tallafe bututan tururinsa don su jure girgizar bam. An same shi da topido, an yi ta jefa masa bama-bamai, wutar tukwanensa tana mutuwa injiniyoyi suna sake kunnawa, har injin ya tsaya gaba ɗaya. Jiragen yaƙi biyu ne suka sa shi a tsakiya suka shigar da shi tasha ranar 15 ga wata.

Shin akwai mace a wannan aiki?

Akwai Victoria Drummond, mace ta farko da ta zama injiniyar jirgin ruwa a Birtaniya. A watan Agusta 1940 tana injiniya ta biyu a jirgin Bonita lokacin da jirgin saman Jamus ya kai masa hari. Ta sallami mutanenta su hau sama, ta zauna ita kaɗai da bututan da ke tsiyaya, ta matsa wa tsohon injin har ya yi gudun da bai taɓa yi ba, abin da ya ba kyaftin damar kauce wa bama-baman. An ba ta lambar yabo a 1941.

Turawa ne kaɗai ke ɗakin inji?

Ko kusa. A jiragen kwal da ke tashi daga garuruwan Cardiff da South Shields na Birtaniya, sau da yawa masu iza wuta Larabawan Yaman ne da Somalawa, waɗanda suka fara shiga wannan aiki ta tashar Aden tun ƙarni na 19, har suka kafa unguwanni da wuraren salla a waɗannan garuruwa. Masallacinsu na Cardiff bam ɗin Jamus ya rushe shi a 1941, aka sake gina shi. Jiragen da ke zuwa Indiya kuwa cike suke da Musulmin Sylhet na ƙasar Bengal da mutanen Punjab, ƙarƙashin wani shugaba nasu da ake kira sarang, wanda ta hannunsa ake samun aikin. Akwai dubban 'yan Sin da ke da mazauni a Liverpool, akwai kuma mutanen Afirka ta Yamma. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa da cewa mutanen ƙasashe masu zafi sun fi jure zafin murhu, amma ainihin abin da ya ja hankalinsu shi ne arahar albashi.

Ina Najeriya ta shigo cikin wannan labari?

Ta shigo ta kaya da kuma ta mutane. Gyaɗar Kano da kuzar Jos da fatu da kwakwar manja duk ta jirgin ruwa suka tafi Birtaniya, yawanci cikin ayarin da ke haɗuwa a Freetown ta Saliyo. Jiragen saman yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar, a cikin akwatuna jiragen kaya suka kawo su. Sojojin runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama (wato ƙasar Burma), waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, ta teku aka kai su Indiya a 1943 da 1944.

Kamfanin Elder Dempster, wanda ya mamaye wannan hanya, ya daɗe yana ɗaukar mutanen ƙabilar Kru ta Laberiya da na Saliyo a matsayin masu iza wuta da masu baro, a shekarun yaƙin kuma ya shiga ɗaukar 'yan Najeriya daga Legas. Ya yi asarar manyan jiragensa na fasinja: an nutsar da Accra a watan Yuli 1940, Apapa a watan Nuwamba na shekarar, sai Abosso ranar 29 ga Oktoba 1942, inda mutum 362 suka mutu, 31 kacal suka tsira. Gaɓar ma ba ta tsira ba, domin a dare ɗaya, daga 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus guda ɗaya ya nutsar da jirage bakwai na wani ayari kusa da Freetown.

Gaskiya ne ana tsayar da albashin mutum ranar da jirginsa ya nutse?

Gaskiya ne, har zuwa watan Mayu 1941. Yarjejeniyar aiki da jirgi aka ƙulla ta, don haka idan jirgi ya tafi ta ƙare, kwanakin da mutum ya yi a kwalekwalen ceto kuwa doka ba ta tilasta wa kowa ya biya shi ba, kuma kuɗin da ake aika wa iyalinsa yakan tsaya. A wannan wata ne gwamnati ta kafa tsarin da ya tabbatar da biya tsakanin jirgi da jirgi, amma ya hana mutum barin aikin har yaƙi ya ƙare. An kuma ƙara kuɗin haɗarin yaƙi, sai dai waɗanda aka ɗauka daga Indiya da Sin da Afirka ba su samu daidai da Turawan da suke aiki kafaɗa da kafaɗa da su ba. Wannan ne ya jawo yajin aikin ma'aikatan Indiya a 1939 da na 'yan Sin a Liverpool a 1942. Bayan yaƙi an tattara da yawa daga cikin 'yan Sin ɗin an mayar da su gida da ƙarfi, wasu sun bar mata da 'ya'ya ba tare da sallama ba.

Mutum nawa suka mutu, kuma an tuna da su?

Ma'aikatan jiragen kasuwa na Birtaniya da suka mutu sun haura 30,000, kuma idan aka auna da yawansu, kason ya fi na kowace rundunar sojan ƙasar. A dandalin Tower Hill da ke Landan an zana sunaye kusan 24,000 na waɗanda ba su da kabari sai teku, an jera su jirgi-jirgi, kuma mai bin allunan da ido zai yi ta cin karo da Ali da Ahmed da Saleh a tsakanin sunayen Turawa. Yawancin 'yan Indiya kuwa a Bombay da Chittagong aka ajiye sunayensu.

Karramawa ta zo a makare. Amurka ba ta amince da ma'aikatan jiragenta na kasuwa a matsayin tsofaffin mayaƙa ba sai a 1988. Birtaniya ta fara ware ranar 3 ga Satumba don tunawa da su a shekarar 2000, lambar yabo ta ayarin Rasha kuma sai a 2013 aka fara raba ta, lokacin da akasarin masu ita sun riga mu gidan gaskiya.

Ana iya ganin irin wannan ɗakin inji a yau?

Ana iya gani. Jiragen Liberty biyu suna nan da ransu a Amurka, Jeremiah O'Brien a San Francisco da John W. Brown a Baltimore, kuma masu aikin sa kai suna kula da injinansu, suna tayar da su lokaci-lokaci. Ana barin baƙi su sauka ta tsanin ƙarfen har ƙasa, su tsaya kusa da fistin ɗin nan uku, inda injiniyan gadi ke tsayawa hannunsa a kusa da abin rufe tururi.